Funfunar da ta ƙi barin banɗakin wani gidan haya a Kaduna

## Gidan da mazaunansa

Gidan fulat ne mai ɗaki biyu da falo, ɗaya daga cikin huɗu da ke cikin katanga guda a wata unguwa ta arewacin birnin Kaduna. Ginin bulo ne, ba bene ba, da rufin kwano. Iyalin da suka kama shi mutum biyar ne: miji da mata da yara uku, na tsakiyansu ɗan shekara shida mai fama da asma. Sun biya kuɗin shekara a watan Maris suka tare. A lokacin bangon banɗakin fes yake, domin an yi wa gidan sabon fenti kafin a ba dillali mukulli.

Banɗakin da ake magana a kansa shi ne na cikin babban ɗaki. Faɗinsa mita 1.5, tsawonsa mita 2.2, daga daɓe zuwa silin mita 2.8. Tayil ya hau bango zuwa mita 1.5, daga nan sama filasta ce da fentin ruwa. Silin ɗin irin na kwali ne mai shan ruwa. Taga ɗaya ce tak, santimita 45 kowane gefe, tana kallon katangar maƙwabta da ba ta fi taku ɗaya da ita ba. Saboda sauro da kuma sirri, tun makon farko aka toshe ta da kwali. Ƙofar ta katako ce, tana gogar daɓe idan an rufe, babu ratar da iska za ta bi ta ƙarƙashinta.

Ruwan fulat ɗin yana saukowa ne daga tanki mai cin lita 1,000 da ke kan ƙarfe a bayan gida, kowane fulat da nasa. A wannan banɗakin ake wankan safe na mutum biyar, da na yamma, da alwala, da wankin ƙananan kayan yara. Akwai babbar robar ruwa a buɗe a kusurwa saboda ranar da babu wutar tura ruwa sama. Idan ruwan sama ya hana shanya a waje, a ciki ake ɗaura igiya. Ta ɓangaren ɗakin kwana kuma, durowar kaya ta katako tana manne da bangon da famfon shawa yake jikinsa.

Ƙwayoyin funfuna suna yawo a iskar kowane gida, ba a iya raba gida da su. Abin da suke jira kafin su tsiro shi ne wuri mai danshi da ɗan abinci, kuma kumfar sabulu da dattin jiki da ƙura da kwali da katako duk abinci ne a wurinsu. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, tana ba da shawarar a busar da duk abin da ya jiƙe cikin awa 24 zuwa 48, domin bayan haka funfuna na iya kamawa.

## Yuli zuwa Agusta: farkon bayyanarta

Damina ta kankama a watan Yuni. A tsakiyar Yuli aka fara ganin baƙin ɗigo-ɗigo a layukan da ke tsakanin tayil, ƙasa-ƙasa inda ruwan wanka ke fantsama. Kafin ƙarshen Agusta, lokacin marka, abin ya kama wuri huɗu. Layukan tayil sun yi baƙi. Silikon ɗin da ke kewaye da kwanon wanke hannu, wato gam ɗin roba da ake toshe rata da shi, ya yi baƙi har ciki. Kusurwar silin da ke saman shawa ta yi toka-toka kamar faɗin tafin hannu biyu. Sannan bangon da ke sama da tayil, daidai gefen famfon shawa, ya yi wani tabo baƙi-baƙi mai sirkin kore, kimanin santimita 60 a tsaye da 40 a kwance, fentinsa ya fara kumbura.

Warin rima ya cika banɗakin har ya fito ɗaki. Tawul ɗin da aka rataya da safe yakan kai dare bai bushe ba. Takalman fata da jakar da ke cikin durowa suka yi fari-fari. Yaron nan mai asma, wanda a ɗakin yake kwana, tarin dare ya ƙaru masa, aka riƙa neman abin shaƙarsa fiye da yadda aka saba. Da aka kai shi asibiti, cikin tambayoyin da likita ya yi har da ko akwai danshi a ɗakin da yake kwana. Tambayar tana da tushe: ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 kan danshi da funfuna a cikin gidaje sun nuna alaƙa tsakanin zama a gida mai danshi da tari, da shessheƙar numfashi, da tashin asma. Daga ranar aka mayar da yaron ɗaya ɗakin.

## Satumba: wanki da bilic

Uwargida ta fara da omo da burushi. Layukan tayil suka yi haske, tabon bango ya ɗan dusashe. Bayan mako guda ya dawo. Sai ta koma bilic, tana zuba shi zalla a soso tana shafawa. A take wurin ya yi fari, har aka ɗauka an rabu da shi. Cikin kwana goma zuwa sha huɗu tabon bango da na silin suka dawo inda suke. Silikon kuwa tun farko bai yi fari ba, sai dai ya koma ruwan toka.

Bilic yana aiki sosai a kan abin da ba ya shan ruwa, kamar fuskar tayil da tangaran da gilashi. A kan filasta da kwali, launin saman yake cinyewa, zaren funfunar da ya shiga cikin ƙofofin filastar yana nan, ruwan da ke cikin bilic ɗin kuma ya ƙara jiƙa wurin. Zuba shi zalla ba ya ƙara masa ƙarfin shiga ciki, sai dai ya ci hannu ya cika ɗaki da wari. Ma'aunin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayar shi ne kada ya wuce kofi ɗaya, wato mililita 240, a cikin ruwa lita 3.8. A shafa, a bar shi kamar minti goma, a ɗauraye, a tsane wurin.

A mako na uku na watan aka yi wani haɗari. Don a ƙara wa wankin ƙarfi, aka zuba ruwan wanke masai mai asid a kan daɓen da bilic bai gama bushewa ba. Nan da nan wani wari mai shaƙe maƙogwaro ya tashi, idanun uwargida suka fara ruwa, tari ya sarƙe ta, ga taga a toshe. Allah ya taimaka ta fito da sauri ta bar ƙofa a buɗe, bayan kamar awa ɗaya a tsakar gida numfashinta ya daidaita. Iskar kulorin ce ke tashi idan bilic ya haɗu da asid, kuma ruwan kal ma asid ne. Idan ya haɗu da abin wanki mai amoniya, wata iskar mai guba ce ke tashi. Bilic ba a haɗa shi da komai sai ruwa. Wanda ya shaƙi irin wannan iska ya fita waje nan take, idan ƙirji ya ci gaba da riƙewa a wuce asibiti.

## Oktoba: fentin mai gida

Ɗan hayar ya kira mai gidan ya yi masa bayani. Amsar da ya samu ita ce: "Malam, ai damina ce, kowane gida haka yake. Ka yi haƙuri, zan turo mai fenti."

Mai fenti ya zo a mako na biyu na Oktoba. Bai kankare komai ba, ya goge bangon da tsumma, ya bi shi da fentin mai shafi biyu a wuni ɗaya, ya haɗa da kusurwar silin. Hujjarsa ita ce fentin mai ba ya shan ruwa.

Mako uku bangon yana ƙyalli. A na huɗu fentin ya fara kumbura a daidai inda tsohon tabon yake. Da aka fasa ɗaya daga cikin kumburin da farce, ruwa-ruwa ne ya fito, bayan ɓawon fentin kuma baƙi ƙirin. Gaskiya ne fentin mai ba ya barin ruwa ya shiga bango daga waje, amma haka nan ba ya barin wanda ke ciki ya fita. Warin rima a ɗakin kwana ya ƙaru a wannan lokaci, duk da cewa ruwan sama ya ɗauke.

## Nuwamba zuwa Janairu: abin da hunturu ya nuna

Da iskar hunturu ta sauka, gidan ya bushe. Tawul ya koma bushewa cikin awa ɗaya ko biyu. Layukan tayil da aka wanke ba su sake yin baƙi ba. Tabon silin ya ɗan leƙo ta ƙarƙashin fenti amma ya tsaya a inda yake.

Wuri ɗaya ne bai bi sahu ba. Tabon gefen famfon shawa ya ci gaba da faɗi a lokacin da leɓe da dunduniya ke tsagewa don bushewar iska, kuma idan aka ɗora tafin hannu a kansa ya fi sauran bangon sanyi.

A tsakiyar Janairu aka janye durowa don share ƙura. Bangon da ke bayanta ya yi baƙi kimanin mita ɗaya a tsaye, santimita 80 a kwance. Falankin bayan durowar ya yi laushi, ya yi baƙi, yatsa na lotsa shi. A gefen tabon akwai wani farin gari mai kama da gishiri. Wannan ba funfuna ba ce. Gishirin da ke cikin siminti da yashi ne ruwa ya narkar ya fito da shi, ya bushe a fuskar bango. Bambance su ba wuya: a ɗebi kaɗan a murza, gishiri zai ruguje kamar gari kuma ya narke a ruwa, funfuna kuwa shafewa take yi a yatsa. Fitowar gishirin alama ce cewa ruwa yana ratsa bangon daga ciki.

## Fabrairu: gwaji huɗu

Ɗan hayar ya nemi wani tsohon magini da ya daɗe a aikin gyaran gidaje. Mutumin ya ce kada a fasa komai sai an gane daga ina ruwan yake.

Gwajin farko na leda ne. Aka yanka farar leda gida uku, kowace santimita 30 kowane gefe, aka manna su da salatif ta kowane ɓangare yadda iska ba za ta shiga ba: ɗaya a tabon banɗaki bayan an ɓare fentin da ya kumbura, ɗaya a tabon ɗakin kwana, ɗaya a bangon banɗaki da ke nesa da famfo. Aka bar su awa 48. Idan raɓa ta taru a fuskar ledar ta waje, danshin na iskar ɗakin ne. Idan ta taru a tsakanin leda da bango, daga cikin bangon yake fitowa. Ledoji biyun farko sun tara ɗigon ruwa ta ciki. Ta ukun a bushe take ta ciki, fuskarta ta waje ce kawai ke yin gumi bayan wanka da ruwan zafi.

Na biyu gwajin tanki ne, kuma dare uku aka yi ana yinsa. Faɗin tankin kusan mita 1.1 ne, don haka kowace santimita ɗaya ta zurfinsa kimanin lita tara da rabi ce. Da ƙarfe goma na dare a tsoma sanda a yi alama, a hana kowa taɓa famfo, da ƙarfe shida na safe a sake aunawa. Daren farko ruwan ya sauka santimita biyu. Dare na biyu aka rufe ɗan makullin ruwan da ke shiga tankin masai, sai saukar ta koma rabin santimita, wato kusan lita biyar a awa takwas. Ashe tankin masai ma yana zurarar da ruwa cikin kwano, ɓarnar ruwa ce amma ba ta taɓa bango. Dare na uku aka rufe babban makullin da ke kai ruwa banɗakin gaba ɗaya, da safe ruwan yana inda aka bar shi. Ke nan akwai yoyo a bututun da ke cikin bangon banɗakin, mai zubar da kimanin lita goma sha biyar a kwana.

Na uku, aka zuba bokiti ɗaya na ruwa a tsakiyar daɓe aka tsaya kallo. Yawancinsa ya bi magudana, amma wani ya kwanta a kusurwar da ke nesa da ita, zurfin milimita uku zuwa huɗu. Daɓen banɗaki yana buƙatar gangare na santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita zuwa magudana, wannan kusurwar kuwa baya ta karkata.

Na huɗu, maginin ya leƙa cikin silin da tocila. Kwanon rufi lafiya lau, katakon rufi a bushe, bayan kwalin silin babu alamar ɗigar ruwa. Tabon silin daga ƙasa ya kama shi, tururin wanka ne da ya rasa hanyar fita.

## Zama da mai gida

Takardar yarjejeniyar hayar ta ce manyan gyare-gyare na mai gida ne, ƙanana na ɗan haya, ba ta fayyace wanne ne wanne ba. Ɗan hayar bai ɗauki hoton gidan ranar da ya tare ba, kuma akwai kuɗin ajiya na ɓarna da ya bayar, wanda yake tsoron a riƙe idan aka ce shi ya lalata bango.

Wannan karon bai tsaya ga waya ba. Ya rubuta gajeriyar takarda mai kwanan wata, ya jera sakamakon gwajin tanki dare bayan dare, ya haɗa da hotunan bangon biyu da na bayan durowa, ya aika wa mai gidan da dillali, ya roƙi su zo su gani da ido. Da suka zo, maginin ya kama hannun mai gidan ya ɗora a bangon. "Alhaji, ranka ya daɗe, wata huɗu ke nan ba a yi ruwan sama ba, ga bango yana gumi. Ruwan tankinka ne ke shiga gininka, kuma wanda bai fito fuskar bango ba tushen ginin yake gangarawa."

Aka yi sulhu a rubuce, dillali ya sa hannu a matsayin shaida. Bututu da filasta da tayil ɗin da za a fasa da silin da taga suna kan mai gida. Fankar fitar da iska da fenti da gyaran durowa suna kan ɗan haya. Ɗan hayar zai biya komai yanzu, ya ajiye rasit, a cire kason mai gida daga kuɗin hayar shekara mai zuwa. Gyaran gangaren daɓe mai gidan bai yarda da shi ba, domin sai an ɗaga tayil ɗin ƙasa gaba ɗaya.

## Maris zuwa Afrilu: aikin

Idan aka haɗa wuraren da funfunar ta kama sun haura murabba'in mita ɗaya, kusan iyakar da EPA ta ce mutum zai iya gyarawa da kansa ke nan. Saboda haka iyalin suka kwashe daga babban ɗaki, aka rufe ƙofarsa da leda, aka kai yaron mai asma gidan kakarsa a kwanakin kankare bango. Masu aikin sun sa safar hannu ta roba da tabarau da takunkumi mai lamba N95.

A makon farko na Maris mai gyaran famfo ya rufe ruwa, ya cire tayil huɗu a kewayen famfon shawa, ya sassaƙe filasta ya bi bututun. Bututun roba ne na rabin inci. Gwiwar da famfon ke ɗaurewa a cikinta ita ma ta roba ce zalla, kuma ta tsage a tsaye, tsaga siririya kamar gashi. Haka kan faru idan aka ɗaure famfon ƙarfe da ƙarfi a cikin haƙoran roba: ƙarfen yana buɗa robar har ta dare, wani lokaci ba ranar ba, sai bayan watanni. Ya yanke gwiwar ya sa mai haƙoran tagulla a ciki, ya goge bakin bututun, ya shafa gam a ɓangarorin biyu, ya naɗa farin zaren roba a haƙoran famfon ya ɗaure ba tare da tilastawa ba. Sai da aka kwana guda kafin a sake ruwa. Ya kuma canza robar tankin masai.

Ba a rufe ramin ba. An bar shi a buɗe mako biyu da ruwa a cikin bututu, ana ɗaura busasshiyar takarda a gwiwar ana dubawa kowace safiya, aka kuma maimaita gwajin tanki. Takarda ba ta jiƙe ba, ruwan tanki bai motsa ba.

A cikin waɗannan makonni aka kankare bangon ta fuska biyu. Kafin kankara akan fesa ɗan ruwan omo a wurin don kada ƙurar funfuna ta tashi. An cire fentin mai gaba ɗaya, an wuce iyakar tabon da kamar santimita 30 ta kowane gefe, duk filastar da ta yi laushi ko take amsa kamar ganga idan an ƙwanƙwasa an sauke ta har bulo. Tarkacen a buhu aka ɗaure aka fitar. Cirewa ita ce muhimmiya, domin funfunar da ta mutu ma tana tayar wa masu asma da ciwo idan aka bar ta a wurin. Daga nan aka kafa fankar tsaye tana hura bangon duk lokacin da akwai wuta, tagogin ɗaki a buɗe.

A mako na uku aka yi sabuwar filasta, siminti ɗaya yashi huɗu, da garin hana shan ruwa gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ledarsa. An yayyafa mata ruwa kwana huɗu don kada zafin bazara ya tsattsaga ta, aka mayar da tayil, aka bar ta ta bushe. Magina suna da lissafin cewa bango mai kauri yana ɗaukar kusan wata guda kafin kowace inci ɗaya ta bushe, amma zafin Maris da Afrilu da buɗe bangon ta fuska biyu sun rage lokacin. Ba da ido aka yanke hukunci ba, gwajin leda aka maimaita. A farkon Afrilu ledar ɗakin kwana ta nuna ɗan gumi ta ciki, a tsakiyar watan ta fito a bushe.

Kafin nan an gama sauran ayyukan. Kwalin silin an sauke shi duka an sa na roba. A tsofaffin gidaje a kula da wannan matakin, domin akwai silin na asbestos, wanda ƙurarsa ke da haɗari ga huhu, ba a kankare shi ba a huda shi. Tsohon silikon an yanke shi da reza, an goge wurin ya bushe, an sa sabo mai maganin funfuna, aka hana ruwa taɓa shi awa 24. Layukan tayil da suka rarake an ƙwaƙule su an cike da sabon farin siminti na tayil. Taga an cire mata kwali, an sa ragar sauro da gilashi mai hazo da ake karkatawa, iska na shiga amma ba a ganin ciki. Kafinta ya rage santimita biyu a ƙasan ƙofa. Mai gyaran wuta ya huda bangon waje can sama, nesa da inda ruwan shawa ke kaiwa, ya kafa fanka mai inci shida, makunninta a waje. Girman banɗakin kusan mita kubik tara ne, fanka mai fitar da mita kubik 85 a awa tana sauya iskarsa kamar sau tara. Abu biyu ke sa irin wannan fanka ta zama banza: a sa ta tana hura tururi cikin silin maimakon waje, ko a bar ƙofa babu ratar da sabuwar iska za ta shigo.

A makon ƙarshe na Afrilu aka yi fentin ruwa mai maganin funfuna, shafi biyu, kwana ɗaya tsakaninsu. Durowa an canza mata falankin baya, an ajiye ta santimita goma nesa da bango.

## Damina ta biyu

Iyalin sun sauya wasu abubuwa. An sa wa robar ruwa murfi. Shanya ta koma baranda. Bayan wankan ƙarshe na safe da na dare, a ja ruwan daɓe da na jikin tayil zuwa magudana da abin share ruwa mai bakin roba, aikin minti biyu. Fanka tana aiki minti ashirin bayan wanka idan akwai wuta, idan babu a bar ƙofa a wangale. Layukan tayil ana bin su da omo da burushi sau ɗaya a mako.

An sayi ƙaramar na'urar auna danshin iska. A watan Agusta tana haura kashi 90 cikin ɗari bayan wanka, ta sauko daidai da na falo cikin kamar minti arba'in idan fanka na aiki, ko awa biyu idan babu wuta. Na falon kansa ya fi kashi 70 a yawancin kwanakin marka.

Har ƙarshen Oktoba bangon famfo da na ɗakin kwana da silin ba su nuna tabo ba, warin rima bai dawo ba, kayan durowa ba su sake yin fari ba. A kusurwar da ruwa ke kwanciya, layin tayil ya yi baƙin ɗigo sau biyu, a Agusta da Satumba, aka wanke da bilic mai sirki ya fita. Tarin daren yaron ya ragu a wannan damina, amma ya sauya ɗakin kwana kuma likita ya ɗora shi a kan maganin riga-kafi na kullum, don haka ba gyaran bango kaɗai za a jingina wa sauƙin ba.

## Me ya sa na farko bai yi ba, na ƙarshe ya yi

Matsala biyu ce ta haɗu a ɗaki ɗaya, launinsu iri ɗaya, shi ya sa aka ɗauke su abu guda. Ta layukan tayil da silikon da silin ta rashin iska ce da yawan jiƙa, tana zuwa da damina ta tafi da hunturu. Ta bangon famfo yoyon bututu ne, ba ruwanta da yanayi. Wankin Satumba da fentin Oktoba duk tabo suka bi, an bar jaki ana dukan taiki. Fentin mai ma ƙara ɓarna ya yi, domin ya toshe fuskar da bangon ke ɗan bushewa ta nan, ruwan ya koma ɗakin kwana ya ci durowa.

Maganar mai gidan cewa damina ce tana da rabin gaskiya, kuma wannan rabin ne ya jinkirta gyaran wata biyar. A ƙasarmu hunturu yana raba gardamar kyauta: duk bangon da ya kai Janairu da danshi, a nemi bututu ko magudana a bayansa. Gwajin leda da na tanki ba su ci ko kwabo na kirki ba, kuma da an yi su tun Satumba da sun ba da amsa ɗaya. Su ne kuma suka sauya zancen da mai gida, domin ɗan haya mai ƙorafin wari ana ba shi haƙuri, amma lita goma sha biyar a kwana cikin bulo asarar mai ginin ce.

Lokacin aikin ya taimaka ƙwarai. Da a Yuli aka fasa bangon, da filastar ba ta bushe kafin fenti ba. Shawarar da ake bayarwa ta riƙe danshin ɗaki ƙasa da kashi 60 kuwa ba ta samuwa a Kaduna cikin Agusta sai da na'urar sanyaya ɗaki ko ta tsotse danshi, tunda iskar waje kanta a jiƙe take. Ma'aunin da ya dace da irin wannan gida shi ne daɓe da tayil su bushe cikin awa ɗaya ko biyu bayan wanka.

Abu biyu suka rage. Maganin funfunar da ke cikin fenti da silikon yana raguwa da shekaru, don haka za a buƙaci sabunta su. Gangaren daɓe kuma yana nan yadda yake, ruwa zai ci gaba da kwanciya a kusurwar duk ranar da aka manta ba a ja shi ba. Ɗan hayar ya sa gyaransa cikin sharuɗɗan da zai gabatar kafin ya biya kuɗin shekara ta uku, tare da buƙatar a rubuta a yarjejeniyar cewa duk bututun da ke cikin bango gyaransa na mai gida ne.